Gandun Komodo, Gidan Sarkin Damo

Can gabas mai nisa, bayan an wuce ƙasar Indiya, akwai wata babbar ƙasa da ake kira Indunusiya. Ƙasar nan duk tsibirai ce, yawansu ya fi 17,000. Tsibiri kuwa shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko ta ina, ba a zuwa gare ta sai a jirgi. Tsakanin wasu manyan tsibirai biyu, Sumbawa da Flores, akwai wasu uku matsakaita, sunansu Komodo da Rinca da Padar, da waɗansu ƙanana 26 kewaye da su. A shekara ta 1980 hukumar ƙasar ta haɗa su duka ta mai da su gandun namun daji, kamar yadda aka keɓe Yankari a Bauci. Amma shi wannan gandu, wajen kashi biyu cikin uku na faɗinsa teku ne.

Abin da ya sa aka keɓe wurin nan wata dabba ce, 'yar'uwar damo da guza. Duk yaron da ya taɓa ganin damo ya san siffarta: ga dogon wuya, ga kakkaurar wutsiya, ga harshe mai baki biyu. Sai dai girma ya bambanta ƙwarai. Damo na ƙasar Hausa yaro ma ya iya ɗaukarsa da hannu ɗaya. Na Komodo kuwa tsawonsa yakan kai ƙafa 10, watau mita 3, nauyinsa kuma ya kai kilo 70, kamar na babban mutum. Duk cikin dangin ƙadangare babu wanda ya kai shi girma a duniya, ba a kuwa samunsa a daji sai a tsibiran nan da waɗansu sassa na gaɓar Flores. Mutanen wurin suna kiransa ora.

Mutanen ƙauyen Komodo yawancinsu Musulmi ne masunta, suna gina ɗakunansu na katako bisa dogayen dirkoki. Sun daɗe suna zaune tare da ora. Har suna da wata tatsuniya ta kakanninsu, wai wata mace ce ta haifi tagwaye, ɗaya mutum ɗaya ora, don haka ba su kashe shi. Mutanen waje kuwa ba su tabbata da labarinsa ba sai a 1910, sa'ad da wani hafsan soja na ƙasar Holan, wadda take mulkin tsibiran a zamanin nan, ya je ya gani da idonsa. A 1912 wani masani mai suna Peter Ouwens, shugaban gidan ajiye dabbobi na Bogor a tsibirin Jawa, ya rubuta bayaninsa, duniya ta ji.

Wanda ya yi niyyar ziyarar gandun sai ya fara sauka Labuan Bajo, wani gari na bakin teku a yammacin Flores, inda akwai filin jirgin sama. Daga nan ya shiga jirgin ruwa. A jirgin katako tafiya zuwa Rinca takan ci kamar sa'a biyu, zuwa Komodo kuwa kamar sa'a huɗu. An fi zuwa da rani, daga Afrilu zuwa Nuwamba, gama daga Disamba zuwa Maris ruwan sama da iska sukan tā da teku. Mai hankali ba ya barin gorar ruwa da malafa da takalmi mai ƙarfi, domin rana tana da zafi, hanya kuma duwatsu ne.

Yawancin Indunusiya kurmi ne mai duhu, amma tsibiran nan ba haka suke ba. Ruwan sama kaɗan suke samu. Tuddai ne masu ciyawa, da damina ta yi kore shar, da rani ta bushe ta yi ja. Jefi-jefi akwai wata itaciya doguwa wadda suke kira lontar, ita kuwa 'yar'uwar giginya ce. Bahaushen da ya sauka nan da rani sai ya ga kamar dajin garinsu ne aka ɗauko aka dasa a tsakiyar teku.

Ba a yarda baƙo ya shiga dajin shi kaɗai ba. Da ya sauka daga jirgi za a haɗa shi da ma'aikacin gandu, wanda yake riƙe da doguwar gwafa. Ba ta duka ba ce. In ora ya matso kusa, da ita ake tokare wuyansa a juya shi. Kafin a tashi, ma'aikacin yakan faɗi dokoki. Kada kowa ya ware daga jama'a. Kada a bar hanya a shiga ciyawa. Kada a yi ihu, kada a yi gudu. Kada a ba dabba abinci, kada a kunna wuta. Wanda kuma yake da rauni mai jini, sai ya faɗa tun da wuri.

Kowace doka tana da dalilinta, dalilin kuwa yana cikin halin dabbar. Hausawa suna yi wa damo kirari da sarkin haƙuri. To, ora ma yana da haƙuri, amma irin na mafarauci. Yakan kwanta a gefen hanyar da dabbobi suke bi zuwa ruwa, ya yi shiru kamar gungumen itace, launinsa ya saje da ƙasa. Da wata dabba ta zo kusa sai ya zabura. A ɗan gajeren wuri gudunsa yakan kai kilomita 20 a sa'a. Haƙoransa wajen 60 ne, masu tsini kamar bakin zarto. A 2009 masana suka gano yana da dafi a muƙamuƙinsa na ƙasa, wanda yake hana jini daskarewa. Saboda haka ko dabbar da ya ciza ta kuɓuce, jini yakan yi ta zuba har ta galabaita. Shi kuwa sai ya bi ta sannu, yana fid da harshe yana mayarwa, gama da harshen yake jin wari, har yakan ji warin mushe daga nisan kilomita 4 ko fiye. A zama ɗaya ya iya cin nama kashi huɗu cikin biyar na nauyin jikinsa.

Abincinsa na kullum wata irin barewa ce wadda namijinta yake da ƙaho mai rassa, sai aladen daji, har da ɓauna wadda ta fi shi girma nesa ba kusa ba. Ba safai yake taɓa mutum ba, amma yakan faru. A 2007 wani ora ya kashe yaro ɗan shekara 8 a tsibirin Komodo. Don haka ba a wasa da maganar mai gwafa. Dā akan yanka akuya a ba ora don baƙi su yi kallo, amma a 1994 aka hana, domin a bar shi ya nemi abincinsa yadda Allah ya halicce shi.

Wani abin mamaki kuma shi ne ƙuruciyarsa. Macen takan saka ƙwai kamar 20 wajen watan Satumba. Sau da yawa takan haƙa rami cikin tarin ƙasa da ganye wanda wata tsuntsuwa mai kama da zabuwa ta tara don nata ƙwai. Bayan wata bakwai ko takwas, wajen Afrilu, sai a ƙyanƙyashe. Da fitowar 'ya'yan sai su haye itatuwa, domin manya ba su ƙi su cinye su ba. A can sama suke zama suna cin ƙwari da ƙananan ƙadangaru, har su yi ƙarfin da za su sauko. Babba kuwa nauyi ba ya barinsa hawa.

Bayan kallon ora, akwai sauran abin yi da yawa. Da asuba baƙi sukan hau dutsen Padar ta matakala ɗaruruwa. Daga ƙololuwa ana hango gaɓa uku, kowace da launin yashinta. A Komodo akwai wata gaɓa mai yashi ja-ja, abin da ya rina shi kuwa ɓaraguzan ɓawon wasu ƙananan halittun teku ne jajaye da suka gauraya da farin yashi. Wanda ya iya iyo sai ya sa tabarau na ruwa ya leƙa ƙarƙashi. A can akwai kifi iri fiye da 1,000, da murjani iri-iri yana tsaye kamar lambu, da manyan kififiya, da wani kifi mai faɗi kamar tabarma wanda yake kaɗa gefensa kamar fikafikan tsuntsu. Amma ruwan wurin yana da ja ƙwarai, sai inda mai jirgi ya nuna ake shiga. Da magariba kuma akan tsai da jirgi kusa da wani ɗan tsibiri, Kalong, a ga jemagu dubbai sun tashi neman 'ya'yan itace.

Tsaron ora kaɗai ba ya isa, sai an tsare abin da yake ci. Padar ta nuna haka. Dā akwai ora a cikinta, amma wajen 1975 suka ɓace, aka yi shekaru masu yawa ba a ga ko ɗaya ba. Masana suna ganin mafarauta ne suka ƙarar da barewar wurin, yunwa ta gama da sauran. In wuta ta ci ciyawa, barewa ta rasa kiwo. In barewa ta ƙare, ora ya bi ta. Shi ya sa aka hana farauta da ƙunar daji, aka kuma hana kamun kifi da nakiya, wadda take farfasa murjani inda kifi yake hayayyafa.

A 1991 hukumar UNESCO ta sa gandun cikin wuraren gadon duniya. Ora da suke cikinsa wajen 3,000 ne kaɗai. A 2021 aka sa su cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, domin zafin duniya yana ƙaruwa, teku kuma tana hauhawa tana cin gaɓar da suke zaune. Dabbar da ta ƙare kuwa ta ƙare ke nan, duk kuɗin duniya ba su mai da ita. Saboda haka baƙon kirki in ya je Komodo yakan tuna gidan wani ya shiga. Ya yi kallo, ya ɗauki hoto, ya kwashe shararsa, ya bar ko da ɗan murjani a inda ya same shi.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka mai da tsibiran Komodo gandu?
2. Mene ne amfanin gwafar ma'aikacin gandu?
3. Don me 'ya'yan ora suke zama bisa itatuwa?
4. Wane darasi aka koya daga tsibirin Padar?