YADDA ƊAN TSUNTSU KE KOYON WAƘAR UBANSA

Mutane da yawa na tsammanin kanarin da ke rera waƙa cikin keji da iyawarsa ya fito daga ƙwai. Ba haka abin yake ba. Tun a 1958 wani masani na Jami'ar Kambirij ta Ingila, William Thorpe, ya nuna cewa in aka ware ɗan tsuntsu mai waƙa bai ji muryar manyansa ba, to, in ya girma sai dai ya yi wata gurguwar waƙa mara kan gado.

Wanda masana suka fi ɗora wa ido shi ne finci, wani ɗan tsuntsu mai jan baki na ƙasar Ostareliya. Namijin kaɗai ke waƙa. Yakan haddace waƙar ubansa daga wajen kwana 25 zuwa 65 da ƙyanƙyasa, ya yi ta gwalan-gwalan yana gyarawa, har wajen kwana 90 waƙar ta zauna daram. Daga nan ba ya sake ta. A 1976 Fernando Nottebohm da abokan aikinsa na Jami'ar Rockefeller ta Amurka suka gano sassan ƙwaƙwalwar da ke kula da waƙa, suka kuma tarar na namiji sun fi na tamata girma nesa ba kusa ba.

To, me ke rufe lokacin koyo? Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa na aika wa juna saƙo ne da sinadarai, babba cikinsu shi ne gulutamet. Ƙwayar da za ta karɓi saƙon tana da wasu 'yan ƙofofi a jikinta, sinadarin shi ne mabuɗinsu. Irin ƙofar da ake kira NMDA ita ce ke da hannu a koyo. A wani sashe na gaban ƙwaƙwalwar finci, ƙofofin nan suna da yawa lokacin ƙuruciya, kuma in sun buɗe sukan ɗan jima. Yana girma sai su ragu, su riƙa rufewa da sauri. A 1996 masana na Jami'ar Rochester suka toshe ƙofofin da magani a ranakun da 'yan tsuntsu ke sauraren malaminsu, aka ga koyonsu ya lalace.

Sai aka ɗauka an gano bakin zaren. Ashe da sauran aiki. A 2000 masana na Jami'ar Duke suka tarar cewa tsuntsayen da aka ware, ko da yake ƙofofinsu sun riga sun koma irin na manya, har yanzu suna iya ɗaukar sabuwar waƙa. Watau saurin rufewar ƙofofin ba shi kaɗai ke yanke lokacin koyo ba.

Kada mai karatu ya ce aikin banza ne a zauna ana leƙen kan tsuntsu. Jariri ma sai ya saurara, ya yi gwaranci, kana ya iya magana, kuma irin ƙofofin nan suna cikin kansa. Shi ya sa likitoci ke matsa wa iyaye su kai yaron da ake shakkar jinsa asibiti tun yana goye.