Ƙwayar Cutar da ke Ɓoye a Hancin Yaro

Uwa, ko kin san yaro mai lafiya garau yana iya ɗauke da ƙwayar nimoniya da sanƙarau a hancinsa? Idan ya yi tari ko atishawa, tana iya kama jaririnki ko kakarsa.

Tun 2011 ake yi wa jariran Yakite da duk Bangui allurar rigakafinta, a sati 6, 10 da 14. Allurar tana yaƙar iri 13 masu haɗari, amma ƙwayar ta fi iri 90. Sauran sukan zauna a hancin yaro ko an yi masa allura.

Ki cika allurai ukun. Idan yana numfashi da sauri, ƙasan ƙirjinsa yana shiga ciki, ki kai shi asibiti a ranar.