Abubuwan Da Ya Kamata Ka Sani Game Da Wutar Lantarki A Lungunan Birni

Duk wanda ya ratsa lungunan Yakasai ko Jakara a Kano ya ɗaga kai zai ga wayoyi sun yi cincirindo a kan falwaya guda, kowacce ta nufi gidanta. Da magariba ta yi, sai ƙwan fitila ya dushe, fanka ta riƙa juyawa da ƙyar, a ce wutar ba ta da ƙarfi. Maganar gaskiya ce, sai dai kalmar ƙarfi a nan ta lulluɓe abubuwa huɗu, kuma kowanne da ma'auninsa.

Abubuwa huɗun da ma'auninsu

Hanya mafi sauƙi ita ce a kwatanta da ruwan da ke gangarowa daga tankin saman rufi zuwa famfo. Tsawon da tankin yake a kai shi ke ba ruwan matsi. A lantarki ma akwai matsi, shi ke tura wuta cikin waya, ana auna shi da bolt, sunan da aka aro daga Bolta, ɗan Italiya da ya ƙera batir a 1800. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, batirin mota bolt 12.

Yawan ruwan da ke bi ta bututu a kowace daƙiƙa shi ne kwarara, a waya kuma ana auna ta da amfiya. Matsattsen bututu yana rage gudun ruwa. Wannan cijewar ita ce turjiya, ma'auninta om. Jan ƙarfe turjiyarsa kaɗan ce, shi ya sa ake yin waya da shi. Roba kuwa turjiyarta ta kai ta hana wuta wucewa, shi ya sa ake naɗe wayar da ita. Na huɗu shi ne ƙarfin aiki, wato saurin da na'ura ke mayar da wuta haske, zafi ko motsi. Da wat ake auna shi.

Yadda suke haɗuwa

A 1827 wani malamin Jamus, Ohm, ya bayyana cewa idan aka raba matsi da turjiya, amsar ita ce kwarara. In matsi ya ƙaru, kwarara ta ƙaru. In turjiya ta ƙaru, kwarara ta ragu. Ƙa'ida ta biyu: matsi sau kwarara shi ne ƙarfin aiki.

A ɗauki hitar dafa ruwa mai wat 2000, irin wadda ake nema ido rufe da asubar hunturu. A kan bolt 230 tana jan amfiya kusan 9. Ƙwan LED mai wat 10 bai kai jan kashi ɗaya cikin ashirin na amfiya ɗaya ba. Yunit ɗin da mita ke lissafawa kuwa wat 1000 ne na tsawon awa ɗaya. Hitar nan tana cinye yunit 2 a awa guda, abin da ƙwan zai yi awa 200 kafin ya ci.

Dalilin da waya ke zafi

Nan ne wajen da ya fi cancantar a tsaya. Kowace waya tana da 'yar turjiyarta, kuma siririya ko doguwa ta fi mai kauri ko gajera. Wutar da ke bi ta cikinta tana barin zafi, zafin kuwa ba daidai da kwarara yake ƙaruwa ba: in kwarara ta ninka biyu, zafi ninki huɗu yake yi, in ta ninka uku, ya yi ninki tara. Wayar da aka ja don ƙwan fitila biyu da fanka, aka zo aka ɗora mata hita da dutsen guga, za ta yi ta ɗumi a ɓoye har robarta ta narke. A tsofaffin gidaje masu rufin azara, ko shagunan da aka cushe da yadi, daga nan gobara ke tashi. Soket ɗin da ya yi baƙi, ko warin roba mai ƙuna, gargaɗi ne da bai kamata a kawar da kai daga gare shi ba.

Wannan lissafin ne ya sa ake ɗaukar wuta daga nesa da matsi mai yawa. Tana isowa tashar Kumbotso da bolt 330,000, domin in matsi ya yi yawa, kwarara kaɗan ta isa ta kai ƙarfin aikin da ake so, asarar hanya ta ragu. Daga nan taransifoma ke sauke ta mataki-mataki, zuwa 132,000 da ake turawa tashoshi irin ta Ɗan Agundi, zuwa 33,000 da 11,000, kafin layukan kamfanin KEDCO su kai ta unguwa.

Me ke sa wuta ta yi rauni

A ce layin da ya shiga lungu yana da turjiyar om 2, gidajen da ke kansa suna jan amfiya 20 da magariba. Bolt 40 ke nan ya salwanta a hanya, gidan ƙarshe ya samu 190. Injin firiji ya kan kasa tashi a irin wannan wuta, ya tsaya yana gunji yana zafi, har wani lokaci ya ƙone.

Fis da jikin mutum

Fis 'yar siririyar waya ce da aka yi don ta tsinke in kwarara ta wuce kima. Wanda ya musanya ta da waya mai kauri ya mayar da wayar cikin bango ta zama fis ɗin. Jikin mutum ma turjiya ne: busasshiyar fata tana cijewa sosai, jiƙaƙƙiya kuwa turjiyarta faɗuwa take yi, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na amfiya na iya rikita bugun zuciya. Saboda haka ba a tsoma hannu a bokiti don jin ko ruwa ya yi zafi sai an zare hita daga soket.