Abin da majinyaci zai tarar idan likita ya tura shi ɗaukar hoton CT

Sau da yawa likita a asibitin ƙaramar hukuma kan rubuta wa majinyaci takardar zuwa birni domin ɗaukar hoton CT, wanda jama'a ke kira siti sikan, sai dangi su jinkirta saboda fargaba. Wannan hoto ba tiyata ba ne, ba a yanka jiki, kuma babu zafi. Na'urar tana aiki da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai dai tana kewaya jiki ne, kwamfuta kuma ta fitar da hoton cikinsa yanki-yanki. An fara gwada ta a kan majinyaci a Landan a shekarar 1971. Ana samun ta a manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Kafin a shiga, za a nemi majinyaci ya cire sarƙa, 'yan kunne, tabarau da duk wani ƙarfe da ke kusa da wurin da za a duba, domin ƙarfe na ɓata hoton. Zai kwanta a kan wani siririn gado da ke shiga cikin zoben na'urar, wanda yake a buɗe gaba da baya. Ma'aikaci yana ɗaki na kusa, yana ganinsa ta gilashi, yana kuma yi masa magana. Abin da ake buƙata shi ne ya kwanta ba motsi, ya riƙe numfashi na ɗan lokaci idan an umarce shi. Ɗaukar hoton kanta ba ta wuce mintoci kaɗan. Jiran layi ne ya fi cin lokaci.

Wani lokaci akan yi allurar wani ruwa mai sinadarin aidin a jijiya domin hoton ya fito sarai. Mutum zai ji ɗumi ya ratsa jikinsa, da ɗanɗanon ƙarfe a baki, har ya zaci fitsari ya kufce masa, alhali ba haka ba ne, kuma nan da nan yake wucewa. A nan ne ya wajaba a faɗi gaskiya. Mai ciwon ƙoda, da mai ciwon suga da ke shan Metformin, da mai asma, da wanda irin wannan allura ta taɓa ba shi matsala, duk su sanar tun da wuri. Haka kuma mace mai juna biyu, ko mai zaton tana da shi, kada kunya ta hana ta faɗa, domin hasken na'urar ya ninka na hoton ƙirji sau da yawa.

Ana kira ga masu unguwanni, dagatai da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su taimaka da mota cikin gaggawa ga wanda ya bugu a kai a haɗarin babur, ko wanda bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa ya shanye farat ɗaya. Hoton ne ke nuna ko jini ya zuba a ƙwaƙwalwa ko kuwa jijiya ce ta toshe, kuma maganin wannan na iya halaka mai wancan. Allurar narkar da gudan jini ma tana aiki ne cikin awa 4 da rabi na farko.

Bayan an gama, majinyaci zai iya cin abinci, kuma ya yawaita shan ruwa idan an yi masa allurar. Ƙwararren likitan hoto ne ke rubuta sakamako. A karɓe shi tare da fim ko faifan, a mayar wa likitan da ya turo.