Me ya sa aka tsallake mai ihu aka ɗauki wanda ya yi shiru?

Ba a jimawa sai an turo irin bidiyon nan a WhatsApp: hayaniya a ƙofar imajensi, uwa na kururuwa wai an bar ɗanta cikin jini, samari sun ci kwalar nas. Kafin bidiyon ya ƙare an riga an yanke hukunci a ƙasansa: "Ma'aikatan asibiti ba su da imani." Da wuya wani ya tambayi wa ke kwance a gadon da likitan ya nufa.

Borno ta san cin zarafin ma'aikatan lafiya mafi muni. Ba a manta da Saifura Khorsa da Hauwa Liman ba, ungozomomin da aka sace a Rann a 2018 aka kashe su. Amma mari da zagi da jifa da kujera a cikin asibiti ba aikin ɗan ta'adda ba ne, namu ne, mu 'yan rakiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsakanin kashi 8 zuwa 38 cikin ɗari na ma'aikatan lafiya sukan sha duka a wani lokaci na rayuwar aikinsu.

Abin da ya fi kunna wutar shi ne kalmar nan: "Mu muka riga su zuwa." A imajensi ba a bin wanda ya riga zuwa, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ko a Asibitin Ƙwararru, ko a Landan. Ana bin wanda mutuwa ta fi kusa da shi. Nas ɗin da ke bakin ƙofa takan duba numfashi, bugun jini, da ko mutum yana cikin hayyacinsa, ta raba marasa lafiya gida-gida: ja a shiga da shi yanzu, rawaya zai iya ɗan jira, kore ya zauna a benci. Duk wanda ya ga ambaliyar madatsar Alau ta 10 ga Satumba 2024 ya san wannan lissafin. Mai kwalekwale zai wuce wanda ke bisa rufin bene yana ɗaga hannu, ya nufi wanda ruwa ya kai wa wuya, kuma ba don ya tsani na saman ba.

Ga wurin da ido ke yaudara. A ce keke Napep ya kife a hanyar Baga, an kawo mutum biyu. Na farko goshinsa ya tsage, jini ya jiƙa masa riga, yana ihu yana kiran sunan mahaifiyarsa. Fatar kai tana da jijiyoyin jini da yawa, ƙaramin rauni ma sai ya yi kamar an yanka rago. Ihun nan nasa kuwa albishir ne ga likita, don yana nufin maƙogwaro a buɗe yake, iska na shiga, jini na isa ƙwaƙwalwa. Na biyu ba tabo a jikinsa. Ya jingina da bango shiru, tafin hannunsa ya yi sanyi, gumi na tsattsafo masa, yana roƙon ruwan sha. Wataƙila saifarsa ce ta fashe, jini na taruwa a ciki inda ba mai gani. Jinin babban mutum kusan lita 5 ne, kuma jikin saurayi yakan riƙe awon jininsa daidai har sai ya yi asarar mai yawa, sannan ya faɗi lokaci guda. Idan likita ya tsallake na farko ya ɗauki na biyu, aikinsa ya yi. Dangin na farko kuwa abin da suka gani shi ne an fifita wani, sai a fara cewa ai ɗan wane ne, ko an miƙa wani abu.

Haka zancen "allurar da suka yi masa ce ta kashe shi." Sau da yawa mutum ya yi kwanaki a gida ana jiƙe-jiƙe da maganin kemis, an kawo shi rai na fita, allurar ƙarshe yunƙurin ceto ce da ta zo a makare.

Kada a ce na wanke asibiti. Akwai ma'aikatan da ke amsa wa dattijo magana a tsaitsaye ba ko kallo, kuma akwai masu barin aiki. A 2019 Gwamna Babagana Umara Zulum ya faɗa Asibitin Umaru Shehu da tsakar dare bai tarar da likita ba, aka dakatar da wasu. Mutane sun yi ta tafi. Sai dai ban ga an yi irin wannan ɗoki kan wanda ya zo aikin, shi kaɗai, da layi har waje ba. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan. Wanda ya rage shi ake mari.

Duk lokacin da aka yi rikici, maganin hukuma ɗaya ne: a ƙara masu gadi. Gadi na da amfani, musamman a hana mutum goma sha bin mara lafiya ɗaya har bakin gado. Amma mai kulki ba ya amsa tambayar da ke cin uba a rai. Abin da ya fi arha shi ne a ware mutum guda a kowane kwanan aiki, wanda ke jin Kanuri da Hausa, in da hali har da Larabcin Shuwa, aikinsa kawai ya fito ya ce: "Baba, mun duba shi, ba ya cikin haɗari, akwai wanda numfashinsa ke tsayawa, ku ba mu rabin awa." Tsohuwar da aka kawo daga Konduga ba ta san ja da kore ba sai an gaya mata da yarenta.

Sai kuɗi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta haramta ƙin duba mai neman agajin gaggawa, wata doka ta 2017 kuma ta ce a yi wa wanda aka harba magani ko babu takardar 'yan sanda. Amma idan kabad ɗin imajensi babu safar hannu da ledar ƙarin ruwa, nas ce za ta miƙa takardar "je ka sayo" da ƙarfe biyun dare, ita za a zaga, ba wanda ya sa hannu a kasafi ba. Sashe na 21 na dokar 2014 ya ba ma'aikaci damar ƙin duba mara lafiyar da ya zage shi ko ya buge shi, in ba mai taɓin hankali ba, ya kuma kai rahoto. Ya kamata a manna sassan biyu gefe da gefe a bangon kowane imajensi, da Hausa da Kanuri.