Na'ura Mai Koyo da Cikin da Ba Ya Girma

A ɗakin awon ciki na Gaya ta Nijar kayan aikin ungozoma ba su da yawa: sikeli, abin awon jini, da tef irin na tela. Mace ta kwanta, ungozoma ta ja tef daga ƙashin mara zuwa ƙololuwar mahaifa, ta rubuta lamba a karne. Daga mako na 24, yawan santimita yakan yi kusan daidai da yawan makonnin cikin. Dabara ce mai araha, sai dai ta dogara kacokan kan sanin kwanan ciki, kuma a nan gizo ke saƙar. Mata da dama ba sa zuwa awo sai ciki ya fito, mai cikin fari kuwa kunya kan sa ta ɓoye, lissafin ma da watan azumi ko faɗuwar damina ake yin sa. Santimita 28 a mako na 28 lafiya lau ce, amma a mako na 34 alama ce ta ɗan tayin da ke cikin yunwa.

Jaririn da ake magana a kansa ba lallai bakwaini ba ne. Yana iya cika watanninsa tara ya fito bai kai kilo biyu da rabi ba, domin mabiyiya ta kasa kai masa abinci da iska yadda ya kamata. Hawan jini, ƙarancin jini da haihuwa kusa da kusa duk suna jawo haka, amma a Gaya sai an sa zazzaɓin cizon sauro a gaba. Yankin na bakin kogin Kwara yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, ƙwayar cutar kuwa takan maƙale a mabiyiya ko da uwa ba ta jin zazzaɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ƙiyasta cewa a 2020 an haifi jarirai kusan miliyan 20 ƙasa da wannan nauyi. Akwai kuma waɗanda ba sa shiga wannan lissafi, domin sun mutu tun a ciki.

Koyon na'ura shi ne a ba kwamfuta bayanan dubban masu ciki, shekaru, nauyi, awon jini, hoton ciki, tare da yadda kowace ta haihu, ta zaƙulo alamun da kan rigayi matsala, sannan ta auna sabuwar mace da su. A 2022 masu bincike na Jami'ar North Carolina ta Amurka da abokan aikinsu na Lusaka a Zambiya sun nuna cewa ma'aikaciyar da ba ta ƙware a hoton ciki ba tana iya shafa ƴar ƙaramar na'ura a kan ciki ta wasu layuka da aka koya mata, manhaja ta faɗi kwanan cikin ba tare da ta gaza ƙwararre ba. A ganina wannan shi ne aikin da ya fi dacewa da Gaya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowace mai ciki hoto sau ɗaya kafin mako na 24, mai ɗaukar hoton ne babu a ƙauye. In an san kwanan ciki, tef ɗin ungozoma ya sami madogara, duk wani hasashe na gaba kuma daga nan zai tashi.

Wani zai ce gara a kashe kuɗin kan gidan sauro, Fansidar da ƙwayar ƙarin jini. Yana da gaskiya, kuma in dole sai an zaɓi ɗaya, su zan zaɓa. Amma Fansidar kansa ba a fara shan sa sai ciki ya kai mako 13, don haka shi ma yana buƙatar lissafi, kuma akwai mabiyiyar da za ta gaza ko uwa ta sha komai. Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: babu maganin da ke gyara mabiyiyar da ta gaza, to me aka ƙaru da shi in an gano? An ƙaru da lokaci. Macen da aka gano tun da wuri za a matso da ranakun awonta, a sa ido kan jininta, ta haihu a asibitin gundumar Gaya, in abin ya yi tsanani a kai ta Doso, tafiyar kusan kilomita 150, tun naƙuda ba ta kama ta a gida ba. In babu mota da gadon da zai karɓe ta, hasashen bai tsinana komai ba sai tayar da hankali.

Abin da ya fi damuna shi ne wurin da na'urar ta yi karatu. Wadda ta koya daga matan Ingila ba ta san mabiyiyar da sauro ya lalata ba, kuma za ta yi kuskure ba tare da ta nuna shakka ba. Dole a gwada ta a kan matan nan, Dandawa, Zabarmawa, Hausawa da Fulani, a bi su har haihuwa. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne a garin iyaka, inda mace kan yi awo a Gaya ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Malanbil ko Kamba, sakamakon cikin ya ɓace wa mai rajista. Saboda haka kirana ga hukumomin lafiya da ungozomomi shi ne a fara da abin da ke hannu: a ɗora kowane jariri a sikeli ranar da aka haife shi, a rubuta nauyinsa a karnen da aka yi wa uwarsa awo da shi.