Awon Jini da Hasashen Tsananin Kumburin Fankiriyas Mai Nasaba da Tsakuwar Matsarmama

Fankiriyas wata gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi, wadda ke samar da insulin da ruwan narkar da abinci. Bututunta da na matsarmama suna haɗuwa kafin su zuba cikin hanji. Idan tsakuwa ta gangaro daga matsarmama ta toshe mahaɗar, sai ruwan narkarwar ya koma yana cin naman fankiriyas ɗin kanta. Likita Eugene Opie na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana wannan alaƙa tun 1901.

Kusan kashi 80 cikin 100 na masu wannan ciwo kan warke cikin mako guda. Sauran kuwa ciwon kan yi musu tsanani. Bisa rabe-raben Atlanta da aka sabunta a 2012, ciwon da ya yi tsanani shi ne wanda huhu ko ƙoda ko zagayawar jini suka gaza fiye da awa 48. Abin da likita ke nema shi ne ya gane irin wannan majinyaci tun da wuri.

Awon amilas da lifas, sinadaran ruwan narkarwar, a cikin jini yana taimakawa wajen tabbatar da ciwon idan suka ninka ƙa'ida sau uku, amma yawansu ba ya nuna tsananinsa. Shi ya sa ake duba alamomin kumburi. Mafi shahara shi ne CRP, sinadarin da hanta ke fitarwa. Idan ya haura miligiram 150 a lita bayan awa 48, akwai fargabar tsanani. Matsalarsa jinkiri, domin a ranar farko bai gama tashi ba. Sinadarin IL-6 ya riga shi tashi, sai dai awonsa na da tsada. Sinadarin furokalsitonin kuma yakan taimaka wajen gano ko ƙwayoyin cuta sun shiga naman fankiriyas da ya mutu.

Akwai kuma hanya mai sauƙi: kwatanta yawan fararen ƙwayoyin jini nau'in nutrofil da na limfosait daga awon jini na yau da kullum. Amma duk wata cuta mai kumburi na iya ɗaga sakamakon wannan awo. Masu sikila, waɗanda tsakuwar matsarmama ta yawaita a cikinsu, fararen ƙwayoyinsu kan yi yawa ko da lafiyarsu ƙalau.

Don haka ake haɗa waɗannan alamomi da ma'aunai irin su na Ranson na 1974 da BISAP, da lura da numfashi da fitsari da hawan jini. Idan ciwon bai yi tsanani ba, ana cire matsarmamar kafin a sallami majinyaci, don kada ciwon ya dawo.